Na Je Agadas Tuƙa Tuwo

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wadda ta gan ni a layin famfo ko a gidan suna sai ta ja ni gefe: "Lami, an je waje! Yaya ƙasar? Ina tsarabarmu?" Har masu cin tuwona a Kasuwar Shanu, mutum da loma a baki yana tambayata wai da gaske ne a can ko mai wanke-wanke mota yake hawa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, ina farawa wani ya ce a ƙara masa miya. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna. Na yi firamare, hannuna bai manta ba.

Ni Bakarekariya ce, shekara ashirin da biyu ina sayar da tuwo a bakin Kasuwar Shanu ta Potiskum. Mijina ya daɗe da rasuwa. A hannuna akwai Asabe, 'yar yayana marigayi, ni na raine ta. Ta yi aure, auren ya mutu, ta dawo mini da goyo. Shekarun nan kuwa kowa ya san yadda abinci ya yi. Dillalin da a da yake cin malmala uku da nama, yanzu sai ya ce a sa masa ɗaya, a cika miya, naman kuma wai likita ya hana shi. Cikin shekara guda likita ya hana rabin Potiskum cin nama.

Ana cikin haka wata mata ta fara zagaya unguwarmu. Mu muka sa mata suna Hajiya Mai Alheri. Haƙorin Makka biyu gare ta, da ɗan carbin nan na dannawa a yatsa, tana danna shi ko tana cikin gulma. Ba ta zuwa gidan suna hannu sake. Sai daga baya na lura ba ta taɓa ɓatan kai ta shiga gidan mai hali ba. Gidajenta su ne inda aka yi rasuwa, inda aka yi saki, inda ake ɗora tukunya sau ɗaya a rana. Mu kuwa muka ce tsabar tausayi ne.

Ranar da ta zo gidana ta ce wani babban gidan abinci a Aljeriya yana neman ma'aikata. Na gyara zama na ce ga ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta danna carbi.

"Yaya Lami, ai aikin na masu jini a jika ne. Asabe nake wa sha'awa."

Asabe, wadda ko ruwan zafi ta ɗora sai ya ƙone! Aka ɗauke ta hoto, ta gaba, ta gefe, ba hijabi, wai na fasfo ne. Ni na san hoton fasfo a kafaɗa yake tsayawa, amma na ce ƙila na Larabawa har ƙafa yake kaiwa.

Kada wani ya ce hankali ne ya sa na bi ta. Haushi ne. A ce ana neman mai dafa abinci a Potiskum, a tsallake ni? Na ce wa Hajiya in ba da ni ba, Asabe ba inda za ta. Ta yi magiya, ta yi fushi, daga ƙarshe ta ce to, Allah Ya sa alheri. Muka kai ɗan Asabe wurin ƙanwata, na naɗe muciyata a cikin zane na cusa a jaka, don ban yarda da muciyar wata ƙasa ba.

Mu tara muka taru a tasha da hantsi, duk mata. Hajiya ta yi mana addu'a doguwa har direba ya fara danna ham, sannan ta ce ita a jirgi za ta biyo mu. Ta damƙa mu a hannun wani siririn mutum mai baƙin tabarau, Sallau, wanda ta ce ƙaninta ne. Ko kunnensu bai yi kama ba.

Kusa da ni a mota aka sa wata yarinya mai suna Rahila, Kirista ce daga wani ƙauye bayan Nangere. Shekarunta za su kai ashirin. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, babanta ya rasu, karatu ya tsaya. Kafin mu kai Azare ta buɗe ƙullin ƙuli-ƙulinta ta miƙo mini.

"Mama, ke ma kantin maganin za ki?"

"Wane kantin magani? Gidan abinci dai."

"Ni an ce mini kantin magani, zan riƙa ba da rasit."

Ta bayanmu ta ce ita shagon ɗinki aka ce mata. Muka haɗu a kan cewa lalle wurin babba ne, tunda akwai komai a ciki. Wallahi haka muka yanke, har muna jin daɗi.

A Kano aka sauke mu a wani gida can bayan gari, ɗaki ɗaya, tabarmi uku, sauro kamar an yi musu gayya. Da safe Sallau ya zo da leda ya ce kowa ta sa wayarta da katin shaidarta, wai ɓarayin Nijar daga nesa suke jin ƙanshin waya. Har tawa, wadda na ɗaure da roba don kada batirin ya faɗi, sai da ya karɓa. Sannan ya koya mana karatu: in an tambaye mu, biki za mu a Damagaram, mu duka dangin amarya ne.

Bayan Daura motar ta tsaya nesa da iyaka, aka kira 'yan acaɓa su bi da mu ta cikin gonaki. Damina ce, gero ya kai ƙirji. Ni da jikina, aka haɗa ni da wani ɗan acaɓa da bai kai cinyata kauri ba. Muna shan wata kwana babur ya tafi gabas, ni na tafi yamma, na kwanta a gonar mutane. Takalmina ɗaya ya shige taɓo bai fito ba har yau. Haka na shiga ƙasar waje, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu.

Duk wannan zagayen bai hana mu faɗawa hannun masu kaki ba, suna zaune ƙarƙashin wata bishiya da igiya a gicce, kamar sun san da zuwanmu. Babbansu ya ce ina za mu. Muka amsa baki ɗaya kamar 'yan makaranta: "Biki!" Ya ce yaya sunan amarya. Nan fa, Sallau bai koya mana wannan ba. Asabe ta ce Hadiza, mai ɗinki ta ce Zainabu, ni kuma na ce Amarya dai muke ce mata. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wannan amarya taku tana da farin jini," in ji shi. "Kowane mako sai an kawo mata dangi."

Sallau ya ja shi bayan bishiya suka gaisa, gaisuwar da hannu ke shiga aljihu kafin ya fito. Aka sauke igiya. Da muke wucewa mutumin ya dubi Rahila, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya kau da kai ya ce mu sauka lafiya. Na sha tuna wannan kallon.

Damagaram gari ne na masu jin Hausa kamar mu, sai dai Hausarsu tana tafiya daidai sai ka ji ta yi tuntuɓe da Faransanci. In sun zo lissafi kuwa, sai dai ka miƙa hannu su ɗauki abin da suka ga dama. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, da tauri. Na gatsa na ji haƙorina ya motsa. Asabe ta ce a ajiye shi ko kare zai biyo mu. Amma fa suna da ladabi, mai shago ya ga ƙafata ya ba ni silifas kyauta, duk da cewa na maza ne, kuma sun fi ni girma.

Daga nan zuwa Agadas hanya ce da ba zan yi wa maƙiyina fata ba. Kwalta ta ƙare, ta dawo, ta sake ƙarewa. Bishiyoyi suka yi ta gajarta har suka daina zuwa. A wani zango muka tarar da Buzaye, na ga abin mamaki: a can maza ne ke lulluɓi, ido kawai a waje, matan kuwa fuska a buɗe suna ta harkarsu. Na ce da a Potiskum ne, da an huta da ganin fuskokin wasu dillalai. Suka ba mu shayi a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba, ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Na shanye don kunya, sai ga na biyu, sai ga na uku. Ashe ƙa'ida ce. Suka ba mu cuku, wato nonon da aka busar ya zama kamar fatar ganga. Rahila ce kaɗai ta iya ci, har ta ɓoye guda ta ce za ta kai wa mamarta ta gani.

Mun shiga Agadas da azahar. Sallau ya ce a nan za mu ɗan huta kafin Aljeriya. Aka kai mu wani gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, da wani ƙato zaune a bakinta. Ciki ƙananan ɗakuna ne a jere, kowanne da labule. Mata sun fi ashirin, wasu na kitso, wasu na kwance, ba wadda ta ɗaga kai ta yi mana sannu da zuwa. Uwar gidan wata jibgegiya ce 'yar ƙasarmu, fuska fara, gwiwar hannu baƙa. Na ji ana ce mata Magajiya. Ni da wautata na ce a raina, sunan kakata ke nan.

Na gaishe ta, na zaro muciyata na ce a nuna mini madafa. Wata da ake wa kitso ta fashe da dariya.

"Gidan abinci aka ce miki, Baba? Ni ma shi aka ce mini, shekara huɗu ke nan. Waccan asibiti aka kawo ta. Waccan kuma gidan wani Balarabe, rainon yara."

Ban gama fahimta ba sai da na ji Sallau da Magajiya suna magana a zaure, an jera yaran a gabansu. Shekara ashirin da biyu ina jin ciniki a Kasuwar Shanu, ko cikin barci na ji muryar dillali zan gane ta.

"Wannan doguwar fa?" in ji Magajiya. Ta faɗi wani abu ƙasa-ƙasa.

"Albarka," in ji Sallau. "Dube ta da kyau. Ta yi boko."

"Waccan ta haihu."

"Ɗaya ne tak. Ƙara dai."

Suka yi ta ja har na ji ya ce ya sallama. Sannan Magajiya ta nuno ni da baki.

"Tsohuwar fa? Ban ce a kawo mini wannan ba."

"Gyara ce," in ji Sallau.

Ni Lami, da ake layi a rumfata ranar kasuwa, aka ba da ni gyara kamar barkono a kan tumatir. A lokacin ban ji zafin wannan ba, sai daga baya. Na dubi Asabe, ta dube ni. Na ce a mayar da mu gida. Magajiya ta ce ƙofa a buɗe take, kowacce ta biya kuɗin da aka kashe a kanta ta tafi. Kuɗin kuwa ba a taɓa faɗin iyakarsa, ci da sha da sabulu da man bilicin duk a kai suke hawa. Mai shekara huɗun nan ta ce nata yanzu ya fi na ranar da ta zo. Sallau ya tafi da wayoyinmu da katunanmu, ban ƙara ganinsa ba.

Magajiyar nan fa ba ta wasa da salla. Ana kiran la'asar za ta sa a kashe rediyo, ta shimfiɗa darduma, ta idar, ta shafa, sannan ta ce a buɗe ƙofa baƙi su shigo. Baƙin kuwa har da masu rawani da masu kaki da masu zoben aure, irin mutanen da in a gida ne su ake ba wa tabarmar gaba a ɗaurin aure.

Tunda ba ni da wani amfani, aka ba ni tukunya. Ga shi dai na samu aikin da na zo nema. Kwana goma sha ɗaya muka yi a gidan nan. Abin da ya samu Asabe a cikinsu nata ne, ba zan rubuta shi ba, kuma wanda ya tambaye ta ni da shi ne. Abin da zan faɗa shi ne, ina tsugune gaban murhu ina jin komai, ina tuƙa tuwo, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Rahila ta ƙi. Aka lallashe ta, ta ƙi. Aka yi mata duka da wayar wuta, ta ƙi. Aka kulle ta a ɗakin ajiyar gawayi, ba ci ba sha. Nakan naɗe ƙanzo a bakin zane in tura mata ta ƙarƙashin ƙofa in na zo ɗibar gawayi.

Da Magajiya ta ɗanɗana miyata sai ta yarda da ni, har ta fara aikena cefane. Ta san ba zan gudu in bar Asabe ba. Ranar Asabar, maimakon kasuwar kayan miya, sai na bi warin dabbobi, don in akwai inda zan ga ɗan gida, to can ne. Ina cikin yawo tsakanin raguna da raƙuma na ji an ce:

"Kai! Lami Mai Tuwo! Me ya kawo ka nan?"

Duk duniya mutum ɗaya ne ke kirana da kai: Alhaji Bukar, Babarbare, falken raguna, wanda ya shekara goma yana cin tuwona yana cewa gishiri ya yi yawa. Ban san lokacin da na durƙushe a gabansa ina kuka ba. Ya ja ni inuwar wata mota na faɗa masa komai. Ya daɗe yana salati.

Ya ce shiga gidan da ƙarfi ba zai yiwu ba, masu ƙarfin garin suna cikin baƙin gidan. Amma motarsa za ta tashi ran Laraba da raguna, kuma akwai wani malami abokinsa a bayan kasuwar, gidansa ƙofa biyu ne. In na iya kawo yaran gidan malamin, sauran nasa ne.

Na koma ina tafiya kamar ba ƙasa nake takawa ba. Na tsuguna a ƙofar ɗakin gawayi na raɗa wa Rahila: "Ki daure zuwa Laraba. Kwana huɗu ne kawai."

"To, Mama," in ji ta.

Ran Litinin da hantsi wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya a ƙofar gida, cike da jarkoki da mutane, an kakkafa sanduna a gefe don riƙewa. Ashe ranar ce motocin Libiya ke tashi. Magajiya ta gaji da ciyar da mai taurin kai, ta sayar da ita gaba. Aka fito da Rahila tana kare ido daga rana, duk jikinta gawayi. Na saki tukunya na riƙe ta, ƙaton ƙofa ya ture ni na faɗi. Tana hawa motar ta juyo.

"Mama, in kin je gida ki ce wa mamata ina aiki. Ki ce kantin yana da kyau."

Motar ta tashi. Ina nan zaune a ƙasa har Magajiya ta leƙo ta ce shinkafa na ƙonewa.

Ran Laraba da safe Asabe ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, kamar yadda muka shirya. Ta taɓa ganin masu aljanu a makarantarsu, ta kuwa iya. Ta ƙafe ido, ta shaƙe murya kamar ta tsoho, ta shiga zuba yarenmu na Karekare. Ba mai ji sai ni. Magajiya ta fito da gudu, ɗankwali a hannu.

"Me yake cewa? Baba, me yake cewa?"

Abin da Asabe ke yi, zagin Magajiya take tun daga kakanninta. Ni kuwa na ce: "Ya ce shi mijinta ne na ɓoye, tun daga Potiskum ya biyo ta. Ya ce duk namijin da ya ƙara shigowa gidan nan, zai fita ba a matsayin namiji ba."

Akwai wani baƙo da ya yi sammako, yana jin haka ya fita da takalmi a hannu. Asabe ta ƙara wani ihu ta ce da yare, "Gwaggo, ki yi sauri, tururuwa na cizona." Na ce: "Ya ce daga kan uwar gida zai fara."

Magajiya ta shiga karanto duk addu'ar da ta sani. Na ce na ji labarin wani malami a bayan kasuwar dabbobi. Ta ce maza a kai ta, ta haɗa mu da ƙaton ƙofa. Malamin ya fito da tasbaha, ya dubi ƙaton ya ce in aljanin ya fita, jikin namiji mafi kusa yake shiga, amma in yana da ƙarfin hali bismilla. Ƙaton ya ce zai jira a tsallaken titi. Muka shiga ta ƙofar gaba, muka fita ta baya, aka cusa mu cikin raguna, aka ja tamfol.

Kwana biyu da yini muka yi a motar nan. Wani rago ya cinye mini gefen mayafi, wani ya mai da cinyata matashi. Abin da na lura, a kowane shinge sai an duba takardun ragunan an ƙirga su ɗaya-ɗaya. Mu tara da muka wuce a tafiyar zuwa, ba wanda ya rubuta ko sunan ɗayarmu. Da muka wuce Azare Asabe ta ce, "Gwaggo, ko yaron zai gane ni?" Na ce kwana nawa ne duka-duka. Ta ce ita gani take ta shekara.

Mun sauka a Kasuwar Shanu ranar da ba kasuwa, muna warin raguna. Wadda ta fara ganinmu ta rangaɗa guɗa, wai 'yan waje sun dawo.

Na kai ƙara. Wani jami'i ya rubuta komai da kyakkyawan rubutu, ya ce in kawo shaida. Na ce ga ni, ga Asabe. Ya ce yana nufin takarda. Aka je gidan Hajiya aka ce ta tafi Umara. A unguwa kuwa aka rabu biyu: masu cewa baƙin ciki nake wa baiwar Allah don ba a ɗauke ni aiki ba, da masu zuwa yi wa Asabe sannu don su ƙare mata kallo. Alhaji Bukar ya sa fatake abokansa suna cigiyar sauran yaran. An ce biyu suna nan gidan. Rahila kuwa ba wanda ya ji ɗuriyarta.

Sai da na yi mako uku kafin na iya zuwa ƙauyensu. Na hau mota zuwa Nangere, na hau acaɓa, duk hanya ina juya saƙon da ta ba ni. Na iske mamarta tana tankaɗe, 'yar ƙaramar mace mai fara'a. Da na ce tare muka tafi da Rahila, ta rungume ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta shiga ɗaki ta fito da kwano cike da shinkafa da mai.

"Ci, 'yar'uwa, ai abincin 'yarki ne. Wancan makon Hajiya ta aiko ƙaninta da buhu guda, ya ce Rahila ce ta aiko daga albashinta. Ya ce tana ta ƙiba. Har sun ce kantin na neman ƙari, ƙanwarta za ta bi su ran Asabar."

Ta nuna mini jaka a bakin ƙofa, an riga an ɗaure. Ƙanwar tana tsaye jikin rumbu tana murmushi, an yi mata sabon kitso.

Na dubi kwanon. Rahila ta roƙe ni abu ɗaya tak, kuma da ba don jakar nan ba da na yi mata shi. Na ce wa uwar ta zauna. Na faɗa mata tun daga tasha har farar mota, ban rage komai ba sai wayar wuta.

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye rariyar da ke hannunta. Sannan ta tashi ta ɗauki jakar, ta kwance, ta fito da kayan ɗaya bayan ɗaya tana ninkewa, ta kai ɗaki. Ta dawo ta zauna.

"Ta ci abinci kafin su tafi da ita?"

Na ce ta ci. Ƙanzo ne, amma ta ci.

Ta gyaɗa kai. Ƙananan yaran gidan sun zagaye mu, idonsu a kan kwanon da ban taɓa ba. Ta dubi kwanon, ta dubi sauran buhun da ke jingine a bakin ɗaki.

"Wannan shinkafar fa? Yaya zan yi da ita?"

Na leƙa rumbunsu tun shigowata, na san babu komai a ciki. Na jawo kwanon na tura gaban yaran.

"Ku ci," na ce.

Suka sa hannu. Mu biyu muka zauna muna kallonsu har suka side kwanon.